Auna gudun ruwa da igiyar teku a gefen jeti: labarin teku ne ko na ginshiƙi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne mai karatun digiri na biyu a fannin injiniyancin ruwa a nan Samaru. Duk awon da na taɓa yi a kogi na yi shi, tsakanin Galma da Kubanni. Yanzu an sa ni cikin wani aiki a gaɓar teku a Legas, ana so a san gudun ruwa da girman igiya da hargitsin ruwan a gefen wata jeti, wato gadar da jirage ke tsayawa a jikinta. Tunda jetin ta riga ta kutsa cikin teku, me zai hana mu ɗaure na'ura ɗaya a jikin ginshiƙinta ta auna mana duka ukun, mu huta da hayar jirgi?

Amsa: Barka kadai, ɗana, Allah ya ba da sa'a. Ɗaurewa kam za ka iya, kuma na'urar ba za ta yi maka gardama ba, lambobi za ta yi ta zubo maka dare da rana. Sai dai kaso mai yawa na lambobin nan labarin ginshiƙin ne, ba na tekun ba. Cikin abubuwan da ka lissafa, girman igiya, wato hawa da saukar ruwa, kaɗai jeti ke iya ba ka ba tare da ha'inci mai yawa ba. Gudun ruwa sai da dabara. Hargitsi kuwa, in ka auna shi a jikin ginshiƙi, wanda ginshiƙin ya haddasa da kansa ka auna.

Mu faro daga abin da ka sani. A Galma ruwa wuri ɗaya ya nufa. Ka tsoma farfelar awo zuwa kashi shida cikin goma na zurfin, ka jira minti ɗaya, ka samu matsakaicin gudu, shi ke nan. A bakin teku motsi uku ne ke hawan juna a wuri guda, kuma lokaci ne ya raba su. Akwai cika da janyewar teku, wanda wata da rana ke jawowa. Daga wannan cika zuwa ta gaba awa 12 ne da minti 25, shi ya sa kullum cikar kan yi jinkirin kusan minti 50 a kan ta jiya. Ƙarfinta ma ba ɗaya ba ne: wajen tsayuwar wata da wajen daren sha huɗu ruwan ya fi cika kuma ya fi janyewa, a tsakani ya lafa. A Legas tazarar cika da janyewa kusan mita ɗaya ce, tana ƙaruwa in ka nausa gabas har ta kai wajen mita uku a Kalaba. Wanda ya auna kwana uku ya tattara ya dawo Zariya bai ga komai ba. Mafi ƙaranci kwana 15, in da hali kwana 29 ko 30, don wata ya gama zagayensa a gaban na'urarka.

Sai igiya. Manyan igiyoyin da ke dukan gaɓar Legas ba iskar Legas ce ta tayar da su ba. Daga can kudancin tekun Atlantika suke tasowa, inda guguwa ke kaɗawa, su yi tafiyar dubban kilomita su iso mana ta kudu maso yamma, tsakanin wannan da wancan kamar daƙiƙa 10 zuwa 15. Sun fi ƙarfi da damina, wajen Yuni zuwa Satumba, don a lokacin ne ake hunturu a can kudu. A kansu kuma akwai ƙananan igiyoyin da iskar wurin ke tayarwa, masu daƙiƙa uku zuwa biyar. Na uku shi ne hargitsi, juye-juyen ruwa marasa tsari, daga mai faɗin mita zuwa wanda bai wuce milimita ba, masu rayuwar daƙiƙa ko ƙasa da haka. To ka ga na'ura ɗaya da aka saita don ta yi wata guda tana ƙirga cikar teku ba za ta ga abin da ke mutuwa cikin rabin daƙiƙa ba, wadda kuma aka saita don ta ga wannan batirinta ba zai kai mako ba in ba a yi tsari ba.

Igiya ta fi sauƙi, don haka mu gama da ita. Hanya mafi arha ita ce na'urar auna nauyin ruwa, a ajiye ta a ƙasan teku ko a ɗaure a ginshiƙi. Kowace mita goma ta ruwa nauyinta kusan daidai yake da nauyin dukan iskar da ke kanmu, saboda haka in igiya ta wuce ta sama nauyin ya ƙaru, in kwarinta ya wuce ya ragu. Amma akwai tarko. Motsin igiya yana raguwa da zurfi, kuma gajeriyar igiya ta fi saurin ɓacewa. Ɗauki ruwa mai zurfin mita 8, na'ura tana ƙasa. Igiya mai daƙiƙa 12 za ta isa ga na'urar da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinta. Mai daƙiƙa 4 kashi ɗaya cikin huɗu ne zai isa. Mai daƙiƙa 3 kuwa bai fi kashi 6 cikin 100 ba. Ana gyara wannan da lissafi, a ninka abin da aka gani don a mayar da shi yadda yake a sama, amma in ka ninka ɗan ƙaramin abu sau goma sha takwas, har da kuskuren na'urar ka ninka. Shi ya sa ake yanke wa lissafin iyaka, a ce duk igiyar da ta gaza daƙiƙa kaza ba mu gan ta ba, kuma a rubuta haka a rahoto ƙarara. In aikin ya damu da gajerun igiyoyi, sai a ɗaga na'urar sama a jikin ginshiƙi, ko a rataya na'urar rada daga saman jeti tana kallon fuskar ruwa. A nan kam jeti alheri ce.

Ga wani abu da ya shafe mu mu 'yan tudu. Na'urar nan nauyin ruwa da na iska take haɗawa. Zariya tana kusan mita 650 sama da teku, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi da abin da ya kai nauyin ruwa santimita 70 da ɗoriya. In ka saita sifirin na'ura a ɗakin gwaji a Samaru ka kai ta Legas ka jefa, za ta ƙara wa zurfinka kusan kashi uku cikin huɗu na mita, kuma gyaran igiyar da na faɗa ya dogara ga zurfin. A bakin ruwan za ka saita, kuma ka bar wata ƙaramar na'urar auna nauyin iska a kan jeti tsawon aikin, don iskar ma kan hau ta sauka sau biyu a yini da abin da ya kai santimita biyu zuwa uku na ruwa.

Yadda ake ɗauka kuwa, an saba da bugu biyu a daƙiƙa har tsawon minti 17, wato lambobi 2048, sannan na'urar ta yi barci sai awa ta zagayo. Minti 20 ya fi min, don ka samu igiyoyi wajen ɗari. Daga nan ake fitar da lambar da injiniyoyi suka fi tambaya, matsakaicin tsayin kashi ɗaya cikin uku na igiyoyin da suka fi girma. Masana teku biyu, Sverdrup da Munk, ne suka kafa wannan ma'auni lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da ake neman sanin ranar da za a iya sauke sojoji a gaɓa, aka buga aikin a 1947. A yau ana samunsa ta hanyar ninka ma'aunin warwatsuwar fuskar ruwa sau huɗu. Ka riƙe wannan: in lambar ta ce mita ɗaya da rabi, cikin igiyoyi dubu za a samu wadda ta kusa ninka hakan. Wanda zai tsaya a ƙasan jeti ya kamata ya san da ita.

Na'urar nauyi ɗaya ba ta san daga ina igiya ta fito ba. Sanin wannan sai an haɗa ta da mai auna gudu a wuri guda, ko a jera da yawa. Kuma ka duba irin jetin. In a kan ginshiƙai take, igiya na wucewa ta ƙarƙashi. In bango ce ko tarin duwatsu, igiya na dukanta ta dawo, mai zuwa da mai komawa su haɗu, tsayi ya kusa ninkuwa a jikin bangon, a wani wurin kuma ya kusa ɓacewa. A irin wannan wuri sai an jera na'urori uku a layi kafin a raba mai zuwa da mai komawa.

Gudun ruwa yanzu da sauti ake aunawa. Ka san yadda hon ɗin tirela ke kaifi in ta doso ka a Kwangila, ya yi kauri da ta wuce. Christian Doppler ne ya bayyana dalilin a 1842, kuma a kansa aka gina na'urar da ake kira ADCP. Tana aika sauti cikin ruwa, sautin ya bugi ƙwayoyin laka da ƙananan halittun da ruwan ke ɗauke da su ya dawo, ta duba yadda kaifinsa ya sauya. Sauti na gudun kusan mita 1500 a daƙiƙa cikin ruwan teku. Na'ura mai kaɗawa 600,000 a daƙiƙa, in ruwan na doso ta da rabin mita a daƙiƙa, amsar za ta dawo da ƙarin kaɗawa 400. Daga lokacin da amsa ta ɗauka kafin ta dawo ake sanin nisan da ta fito, ta haka na'ura ɗaya a ƙasa ke ba ka gudu hawa-hawa har kusa da sama. A ruwan jeti wanda bai wuce mita 15 ba, mai kaɗawa miliyan ɗaya ko sama da haka ta fi dacewa, don ta fi yanka ruwan siri-siri.

Tana da makanta biyu. Dab da bakinta ba ta gani. Kusa da fuskar ruwa ma ba ta gani, don amsar da fuskar ke mayarwa ta fi ƙarfin ta laka nesa ba kusa ba. Bakuna huɗu gare ta masu aika sauti a karkace: in sun karkata da digiri 20, kusan kashi 6 cikin 100 na saman ruwan ya tafi, in 25 ne kusan kashi 10. Abin da ya fi damun mai aiki a jeti shi ne bakunan nan huɗu kowanne gefensa yake kallo. A tsayin mita 10, biyu masu fuskantar juna sun yi nisan fiye da mita 7. Na'urar kuma tana ɗauka cewa ruwan da duka huɗun suka gani gudu ɗaya yake yi. A fili wannan zato ba laifi. A gindin jeti, baki ɗaya na kallon ruwan da ke bayan ginshiƙi, ɗaya na kallon fili, wani ma ginshiƙin kansa yake duka. Abin da za ta haɗo maka daga nan ba gudun kowane ruwa ba ne.

Sai kamfas. Na'urar da kamfas take sanin ina ne arewa, jeti kuwa ƙarfe ce, ko kankare mai rodi a ciki. Kamfas zai karkata, kuma ba zai gaya maka ya karkata ba. In dole sai a jikin jeti, ka manta da kamfas, ka ɗaure na'urar ta yadda ba za ta juya ba, ka auna fuskar da ta kalla daga sama da kayan safiyo.

Yanzu ga ginshiƙin kansa, inda nake so ka fi zama. In ruwa ya bugi ginshiƙi yana rage gudu a gabansa, ya ƙara gudu a gefe biyu, a baya kuma ya riƙa sakin juyi, ɗaya dama ɗaya hagu, bi da bi. Ka je gindin gada a Kubanni cikin Agusta ka tsaya, za ka gan su da idonka. Sakin nan yana da ƙa'ida: ka ninka gudun ruwa da 0.2, ka raba da kaurin ginshiƙi, ka samu sau nawa a daƙiƙa. Gwada da ginshiƙi mai kaurin mita ɗaya da ruwa mai gudun rabin mita a daƙiƙa. Amsa 0.1, wato zagaye ɗaya kowace daƙiƙa 10. Ka tuna tazarar igiyar Legas? Ita ce dai. Ma'ana ginshiƙi na iya sa maka motsi a cikin awonka wanda ya yi kama da igiya sak, ka zauna a kwamfuta kana lissafa ƙarfin igiyar da ba ta taɓa zuwa ba. Idan ka ga wani tudu a zanenka yana matsawa duk lokacin da gudun ruwa ya sauya, ruwa ba ya tsami banza, ginshiƙi ne. Igiyar gaske ba ruwanta da ko teku na cika ko na janyewa, tazararta na nan.

Ƙasa ma ba ta tsira ba. Ruwan da ke kewaya ginshiƙi yana ƙwaƙule yashin gindinsa, jeti gaba ɗaya kuma ta kan haƙa wa kanta kwari. Ba a Najeriya kaɗai ba. A garin Duck da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, injiniyoyin sojan ƙasar sun gina gada mai tsawon mita 560 a 1977 musamman don binciken gaɓa, amma ita ma ta haƙa kwari a ƙarƙashinta, har ya zama manyan awonsu na igiya da gudun ruwa nesa da gadar suke kai na'urori. Gadar Scripps a Kalifoniya, mai kusan mita 330, abin da ta yi suna da shi zafin ruwa ne da gishirinsa, da ake aunawa a wurin kullum tun 1916, kuma waɗannan ginshiƙi ba ya ɓata su. In waɗanda suka gina gada don awo ba su yarda da gindinta ba, jetin da aka gina don jirgi fa?

Shawarata ita ce ka mai da jeti wurin tsayawa da wurin wuta, ba wurin awo ba. A ƙera ƙarfe mai ƙafa uku mai nauyi, wanda ba ya jan kamfas, a ɗora na'ura a kai, a ajiye a ƙasan teku nesa da ginshiƙi aƙalla ninki goma na kaurinsa, in an samu fiye da haka ya fi. A ja waya zuwa jeti, ka samu wuta ka kuma riƙa ganin lambobi nan take, ba sai bayan wata guda ka gano na'ura ta kife tun ranar farko ba. Tunda ruwan na juyawa da cika da janyewa, gefen da yake gaba da safe shi ne baya da rana. Ko dai a sa na'ura a kowane gefe, ko ka ware awon lokutan da ruwan ya fara isa ga na'urarka kafin ya shiga ƙarƙashin jeti, sauran ka yi musu alama. Hayar ƙaramin jirgi na yini biyu, ɗaya na ajiyewa ɗaya na ɗaukowa, ba za ta kai asarar wata guda na awon banza ba.

Hargitsi shi ne mai wuyar, kuma a nan ne ɗalibai suka fi yaudarar kansu. Tun daga Osborne Reynolds a ƙarshen ƙarni na 19 ake raba gudu gida biyu, matsakaici da abin da ya saura, a kira saurar hargitsi. A bututu ko a Galma wannan ya isa. A bakin teku abin da ya saura kusan duk igiya ce. Igiya mai tsayin mita ɗaya da rabi da daƙiƙa 12, a zurfin mita 8, tana kai ruwan ƙasa gaba da baya da gudun kusan santimita 75 a daƙiƙa. Hargitsin da kake nema 'yan santimita ne. In ka cire matsakaici ka kira saura hargitsi, ka ba igiya sunan da ba nata ba.

Na'urar wannan aiki ita ce ADV, ƙanwar ADCP, ita ma da sauti take aunawa. Ba ta kallon ruwan duka, ɗan wuri take aunawa kamar santimita 15 daga bakinta, amma da sauri, har sau 64 a daƙiƙa. Da ita ma sai ka yi hankali da karkata. In ta karkata da digiri ɗaya tak, cikin santimita 75 ɗin nan fiye da santimita ɗaya zai zubo cikin abin da take ɗauka motsin sama da ƙasa ne, kuma wannan ya kai girman abin da kake nema. Babu mai nutson da zai daidaita ƙarfe a kan yashi ya rantse bai karkata da digiri ɗaya ba. Mafita da aka samu ita ce a sa biyu, da tazarar da ta fi girman juyin ruwa amma ta gaza tsawon igiya nesa. Igiya mai tsawon mita ɗari kusan abu ɗaya take yi wa su biyun, hargitsi kuwa kowacce da nata. Ka ɗebe wannan daga wancan, igiya ta fita, hargitsi ya rage.

Akwai hanya ta biyu, kuma ita ce gwajin da na fi yarda da shi. A 1941 masanin lissafi Kolmogorov ya nuna cewa manyan juyi na farfashewa zuwa ƙanana, ƙanana zuwa ƙananan ƙanana, har ƙarfin ya ƙare ya zama zafi, kuma a tsakiyar wannan tsani ƙarfin na raguwa da ƙa'ida ɗaya. In ka zana ƙarfi bisa saurin kaɗawa a ma'aunin logaridim, sashen da ya fi igiya sauri zai miƙe yana gangarowa da biyar bisa uku. Daga tsayin layin ake fitar da yawan ƙarfin da ruwan ke ɓatarwa a kowane kilo. In layin bai gangaro haka ba, ya kwanta, hayaniyar na'ura kake kallo. Na sha ganin rahoton da aka ɗora layin biyar bisa uku a kan zanen da ko kusa bai bi shi ba, don kawai littafi ya ce a ɗora. Kada ka yi haka. Awon da bai nuna gangaren ba ka ajiye shi gefe, ka faɗi kashi nawa ka ajiye.

Inda igiya ke karyewa kuwa, wato inda zurfi ya ragu har tsayin igiya ya kai kusan kashi 78 cikin 100 nasa, kumfa ke cika ruwan, kumfa kuma maƙiyin sauti ne. Na'urar za ta riƙa ba da lambobin hauka masu tsalle. Kowane awo yana zuwa da lambar da ke nuna ingancinsa, ka tace da ita kafin komai. Kuma ka sa na'urar gishiri da zafi a gefe. Da damina ruwan daɗi daga tafkin Legas yana fitowa ya kwanta a kan na gishiri, don ya fi shi sauƙi, kilo 1000 a kan 1025 a kowace lita dubu. Wannan shimfiɗa tana danne hargitsi, har ruwan sama na iya fita yayin da na ƙasa ke shiga. Matsakaicin gudu na dukan zurfin a irin wannan rana zai ce maka ruwa a tsaye yake.

Duk wannan wahala ba don lambar kanta ba ce, yawanci don yashi ne. Igiyar da ke zuwa a karkace tana tura ruwa da yashi a gefen gaɓa daga yamma zuwa gabas. Tsakanin 1908 da 1912 aka gina katangun duwatsu a mashigar tashar Legas don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Yashin ya taru a yamma, gabas ta rasa, teku ta yi ta cin Bar Beach shekara da shekaru, har sai da aka zo aka cike wurin aka gina katangar Eko Atlantic. Saboda haka ka tambayi masu aikin tun yanzu me suke so su sani. In yadda jetin ke ƙwaƙule gindinta ne, to kusa da ginshiƙin ne wurin awo, duk abin da na kira ha'inci shi ne abin nema, sai dai ka ƙara wata na'ura a nesa don kwatantawa. In halin gaɓar ne, ka nisanta. Tambayoyi biyu ne, na'ura ɗaya ba ta amsa su tare.

Kafin ka bar Zariya akwai abin yi da yawa. Awon Duck a buɗe yake a intanet kyauta. Ka sauko da na mako guda ka koyi fitar da tsayin igiya da tazararta da harshen kwamfuta na Python har ka saba. In na'urorin sun iso hannunka a nan, ka kai su madatsar Kubanni su kwana cikin ruwa, ka tabbatar ba sa yoyo, batir na kaiwa yadda lissafi ya ce, kuma ka iya sauke abin da suka ɗauka. Kamfas a fili ake gyara shi, nesa da mota da rodi, da batirin da za a yi aikin da shi a ciki, don batir ma yana jan sa. Ka sake gyarawa a Legas. A can kuma kada ka raina lemu. Ka jefa 'yan lemu daga jeti ka bi su da ido da agogo, za su nuna maka ta ina ruwan ke bi kafin ka yanke inda za a ajiye ƙarfe.

Ka nemi izinin Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa in wurin nata ne, ka samu jadawalin cika da janyewa na sojojin ruwa, ka kuma leƙa Cibiyar Binciken Teku ta Najeriya da ke Victoria Island, wadda ke wannan aiki tun 1975. Masuntan wurin ka gaishe su ka gaya musu inda na'ura take, don komarsu ce za ta fara kama ta, kuma sun fi ka sanin inda ruwa ke ja. Ruwan ɗumi irin namu cikin makonni kaɗan gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo ke rufe bakin na'ura, a tsara mai nutso ya riƙa gogewa. Kai kuma, ɗana, iyon da ka koya a Galma ba shi ne na teku ba. A gefen jeti ne ruwan da igiya ta tara a gaɓa ke samun hanyar komawa, ya zama siririn kogi mai ja zuwa ciki da gudun da ya fi ƙarfin mai iyo. Rigar ceto a jikinka ko da a saman jeti kake.

Agogon na'urorin duka ka saita su daga kwamfuta ɗaya, a kan lokacin duniya na UTC, ka rubuta a littafinka cewa agogon Najeriya na gaba da awa ɗaya. Ranar ɗaukowa, kafin ka kashe kowace, ka duba daƙiƙa nawa agogonta ya zame. Dabarar ADV biyu da na gaya maka ba ta aiki in ɗaya ta riga ɗaya da ko rabin daƙiƙa, don haka waɗannan biyun da waya ɗaya za a haɗa su, ɗaya ta riƙa ba ɗaya umarnin bugu.